Ina Kuɗin Mai Ke Tafiya? Abin Da Ke Gudana A Cikin Inji

Duk naira dubu da direban adaidaita sahu ya miƙa a gidan mai, abin da ke kaiwa ga juya taya bai wuce naira ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari uku ba, shi ma sai in injin lafiyarsa ƙalau. Sauran kuɗin zafi suke zama. Wajen kashi ɗaya cikin uku ya bi salansa ya fice, kusan kamar hakan kuma iska ko ruwan lagireto su kwashe, ɗan ragowar gugar ƙarfe da ƙarfe ta cinye. In kuwa aka faɗa cunkoson Bata ko na 'Yankura da yamma, ana tsaye cak inji na ta aiki, to lissafin ya fi wannan muni. Sanda fetur ke da araha ba wanda maganar ta dama. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma ina ganin ya kamata mai babur, da mai aski da ke kunna janareta, da mai injin niƙa su san abin da ke gudana cikin ƙarfen da ke cin guminsu.

Injunan nan duk 'yan gida ɗaya ne. Da na tirelar da ke ɗauko hatsi daga Dawanau, da na ban ruwa a Kadawa, da 'yar ƙaramar janaretar mai cajin waya, kowanne silinda ne da fistin a cikinsa. Silinda rami ne mai santsi, fistin kuma ƙarfe ne da ya cika ramin dam, yana hawa yana sauka, da ringi a ƙugunsa don kada iska ta zurare ta gefe. A ƙasan fistin akwai kwanrod, wanda ya haɗa shi da kiranshaf. Kiranshaf ɗin a lanƙwashe yake, shi ya sa in fistin ya danno ƙasa sai dannawar ta koma juyi. A ƙarshensa an ɗaura fulawil mai nauyi, aikinsa riƙe juyin don kada ya mutu kafin wuta ta gaba ta tashi. Ayyuka huɗu ne kowane inji ba ya tsallakewa: ya sha iska, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, ya fitar da hayaƙi. Inda suke rabuwa shi ne yawan matsin, da abin da ke kunna wutar, da kuma sau nawa fistin zai hau ya sauka kafin ayyukan huɗu su cika.

Mu fara da wanda ya fi yawa a titunan Kano, wato mai taku huɗu, irin na adaidaita sahu mai silinda ɗaya da cc kusan 200, da na motocin fetur. Kowace hawa ko sauka ta fistin taku ɗaya ce. A takun farko fistin ya sauka, bawul ɗin shiga a buɗe, iska haɗe da fetur ta cika silinda. A na biyu bawuloli duka a rufe, fistin ya hau ya matse haɗin a ɗan lungun da ya rage a sama. Dab da ya kai ƙarshe fulogi ya ba da wuta. Haɗin ya kama, zafin ya haura digiri 2,000, iskar ta kumbura ta banko fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan shi ne taku na uku, kuma shi kaɗai ke samar da ƙarfi. A na huɗu bawul ɗin fita ya buɗe, fistin ya hau ya kori hayaƙi. Kiranshaf ya juya sau biyu ke nan, wuta sau ɗaya. Saboda haka kamshaf da ke buɗe bawuloli yana juyawa rabin gudun kiranshaf, kuma cen ko bel ɗin tayimin ne ke riƙe su a tare. In bel ya tsinke ana gudu, a motoci da dama fistin zai hau ya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi, aikin 'yan dubbai ya koma na dubban ɗaruruwa.

Saurin abin yana da wuyar sawwalawa a rai. Injin da ke juyi 3,000 a minti, fistin ɗinsa yana tsayawa cak ya juya baya sau 100 a kowace daƙiƙa, wuta kuma na tashi sau 25 a daƙiƙa a kowace silinda. Mota mai silinda huɗu an raba musu aiki, galibi a jerin 1, 3, 4, 2, ta yadda duk rabin juyi akwai wanda ke bankowa. Shi ya sa ta fi mai silinda ɗaya laushin tafiya, kuma in fulogi ɗaya ya mutu nan take za ka ji ta tana rawa.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: inji iska yake ci fiye da mai. Kafin fetur ya ƙone tas, kowane kilo ɗaya yana buƙatar iska kilo 14.7. In aka mayar da shi ma'aunin gidan mai, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Duk wannan iskar ta filta take bi, kuma iskar Kano ce, wadda a hunturu kana share gilashin mota da safe kafin azahar ka iya rubutu a kai da yatsa. Filta ta toshe, babur mai kafireto ya shiga shan mai fiye da kima yana baƙin hayaƙi. Wasu kuma sai su cire filtar baki ɗaya wai don inji ya shaƙa. Wannan kam ganganci ne. Ƙurar da ta shiga tana haɗuwa da baƙin mai ta riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, har matsi ya zube.

Matsi kuwa shi ne ran inji, kuma a nan nake so mu daɗe. A 1860 wani ɗan Beljiyam mazaunin Faransa, Étienne Lenoir, ya fitar da injin da ke ƙona iskar gas a cikin silinda ba tare da matsewa ba. Ya yi aiki, an saya, amma cikin ƙarfin da ke cikin makamashin kusan kashi 4 cikin ɗari kawai yake mayarwa aiki. A 1876 Nikolaus Otto a Jamus ya ƙera mai taku huɗu da ke matse haɗin kafin ya kunna, nan take aka tashi zuwa wajen kashi 14. Dabarar ma wani Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya riga ya rubuta ta tun 1862, abin da ya sa aka soke haƙƙin mallakar Otto a Jamus a 1886, amma Otto ne ya ƙera aka gani, shi ya sa sunansa ya bi tsarin har yau.

Me matsi ke ƙarawa? Abu biyu. Haɗin da aka matse yana ƙonewa da sauri da zafi mai tsanani. Sannan, wanda ya fi muhimmanci, in ka matse iska ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta, to bayan wuta ta tashi tana da filin kumbura ninki goma tana tura fistin. Gwargwadon nisan da ta kumbura, gwargwadon zafin da ta mayar aiki kafin a buɗe mata ƙofar salansa. A lissafin takarda, matsin 8 zuwa 1 yana iya ba da kashi 56 cikin ɗari, na 12 zuwa 1 kuma kashi 63. A zahiri abin da ake samu bai cika wuce rabin wannan da ɗoriya ba, don bangon silinda na satar zafi, guga na cin nata, amma alƙiblar ba ta sauyawa: ƙarin matsi, ƙarin tattali.

Bakanikan babur sun san wannan da hannunsu ko da ba su taɓa ganin lissafin ba. Ka tsaya a kowane gareji wajen Ƙofar Ruwa ka ga an turo babur da ya ƙi tashi. Maigidan zai sa yaro ya kwance fulogi, ya ɗora babban yatsansa a kan ramin, ya ce a buga kik. In inji na da lafiya, iskar za ta ture yatsan da ƙara, fuf. In yaron ya buga ya buga yatsa na zaune, sai ka ji ya ce, "Maigida, ba ya turowa." Maigidan ya ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin, a sake bugawa. In matsi ya dawo, man ya toshe gefen fistin na ɗan lokaci ke nan, sai ya juya ga mai babur ya ce, "Malam, ringi ne." In bai dawo ba, to ta sama iskar ke zurarewa, bawul ne ko gaskit. Gwaji ne na minti biyu, kuma ilimi ne tsantsa.

To me ya hana a yi ta ƙara matsi? Zafi. Duk wanda ya taɓa ba taya iska da famfon keke ya san gindin famfon yana ɗaukar zafi, ba don guga kaɗai ba, iskar da aka matse ce ke zafafa. A injin fetur, mai yana cikin iskar tun ana matsewa. In matsi ya yi yawa, bayan fulogi ya kunna, haɗin da ke can gefe ba ya jiran wutar ta iso shi, sai ya fashe da kansa. Shi ne ƙarar ƙas-ƙas da ake ji in mota na hawan gada da kaya a babbar giya. In abin ya daɗe yana fasa ringi, yana iya huda kan fistin. Lambar oktan da ake ba fetur tana nuna juriyarsa ga wannan fashewar ne, ba ƙarfinsa ba. Wannan ne ya tsayar da yawancin injunan fetur tsakanin matsin 8 da 12. A 1921 masu bincike a kamfanin General Motors na Amurka suka gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur na hana fashewar. Aka yi shekaru da dama ana shaƙar gubar a titunan duniya, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, sai a 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da shi. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin ƙarar ta sanar da kwamfutar mota ta jinkirta wuta. Inji ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Iskar gas ta CNG da ake juya adaidaita da motoci zuwa gare ta yanzu tana da juriyar fashewa fiye da fetur nesa ba kusa ba. Sai dai injin da aka juya yana nan da matsinsa na fetur, bai ci moriyar juriyar ba, kuma gas ɗin yana tare wa iska wuri a silinda, shi ya sa direbobi ke cewa abin hawan ya ɗan yi sanyi a hawa.

Rudolf Diesel ya ɓullo wa matsalar ta wata hanya: kada a sa mai sam lokacin matsewa. Injinsa da ya yi aiki sosai a Augsburg a 1897 iska zalla yake sha. Da yake ba abin da zai fashe, ana iya matse ta ninki 14 zuwa 22, zafinta ya haura digiri 500. A daidai nan nozul ya feso man gas, wato dizal, kamar hazo, yana taɓa iskar ya kama da kansa. Babu fulogi, babu kwayil. Wancan injin na 1897 ya kai kashi 26 cikin ɗari, lokacin da injin tururi ke fama a ƙasa da haka sosai. Na manyan motoci a yau suna wuce kashi 40.

Abin sha'awa, in da za a ba su matsi iri ɗaya, a lissafi tsarin Otto ne zai ci, domin yana ƙona mansa kusan lokaci guda fistin na sama, shi kuwa dizal yana ci gaba da ƙonawa fistin ya riga ya fara sauka. Dizal ya ci gasar ne don shi an sakar masa mara ya matse yadda yake so. Akwai kuma riba ta biyu da ba a cika ambata ba. Totur ɗin injin fetur ƙofa ce a hanyar iska. In ana tafiya a hankali ƙofar kusan a rufe take, fistin na wahalar zuƙo iska ta ƙaramar kafa, wannan wahalar kuma da mai ake biyanta. Dizal ba ya shaƙe iskarsa, kullum cike yake sha, yawan man da ake fesowa kawai ake ragewa ko ƙarawa. Ga shi kuma litar gas ta fi litar fetur makamashi da fiye da kashi 10 cikin ɗari.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Matsi mai yawa yana buƙatar bulok mai kauri, kiranshaf mai nauyi, batir da sitata masu ƙarfi, ga tsada. Man da aka feso yana buƙatar lokaci ya haɗu da iska, don haka dizal ba ya son gudun juyi, ƙarfin jan kaya ne nasa. Dubi injin Lista da ke wuraren niƙa da yankan katako, wanda asalinsa kamfanin Lister na Dursley a Ingila ya fara ƙerawa wajen 1930, daga baya Indiya ta cika duniya da kwafinsa. Mai silinda ɗaya, ƙarfin doki 6, juyi 650 kacal a minti. Kana tsaye kana iya bin bugunsa da kunne, tum, tum, tum, manyan fulawil biyu na juyawa a gefe, ruwan durom na tururi a kansa. Mai niƙa zai ɗaga ɗan hannun da ke sakin matsi, ya juya da hannu har fulawil ya ɗauki gudu, sannan ya sake shi, sai inji ya kama. Rashin gaggawar nan ce ta sa irinsa ke shekaru yana aiki. Na zamani kuwa sun fi tattali da tsafta, amma nozul ɗinsu na fesawa da matsin da kan kai bar 2,000, alhali tayar mota bar 2 da ɗoriya ce. Kafofin sun fi gashin kai siranta ko sun yi kusa da shi. Gas mai ruwa ko datti, ko wanda aka sirka da kananzir, shi ne ajalinsu, don man ne da kansa ke sa wa famfon santsi.

Baƙin hayaƙin da tirela ke turnuƙewa da shi in ta ɗauki hawa, mai ne da ya fi ƙarfin iskar da ke silinda, ya gasu bai ƙone ba. Maganinsa ƙarin iska, kuma aikin tabo (turbo) ke nan, dabarar da Alfred Büchi ɗan Suwizalan ya yi wa rajista a 1905. Hayaƙin da zai fita a banza shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji. Tana juyi sama da 100,000 a minti a kan siririn baƙin mai, shi ya sa direban kirki ba ya kashe mota nan take bayan doguwar tafiya, sai ya bar ta ta ɗan huce. Tunda an zo kan hayaƙi: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, ringi ko robar bawul sun gaji, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, a motar fetur, galibi ruwa ne ke shiga silinda ta gaskit.

Sai mai taku biyu, wanda Kanawa suka sani a jikin Vespa da tsofaffin baburan Suzuki da Yamaha na zamanin acaɓa, kafin a hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, yanzu kuma a 'yar ƙaramar janareta mai kukan sauro. Dugald Clerk ɗan Sikotilan ya yi rajistar nasa a 1881, amma samfurin da ya yaɗu a ƙananan injuna na Joseph Day ne, na wajen 1891. Ba bawul, ba kamshaf, ba tayimin cen. Kafofi ne a bangon silinda, fistin da kansa ke buɗe su yana rufewa. Yana hawa yana matse haɗin da ke samansa, a lokaci guda yana zuƙo sabon haɗi a ƙasansa, cikin akwatin kiranshaf. Wuta ta tashi, ya sauko, ya fara buɗe kafar hayaƙi, jim kaɗan ya buɗe kafar da sabon haɗin zai hauro daga ƙasa ya kori hayaƙin. Juyi ɗaya, wuta ɗaya. Ga sauƙi, ga rashin nauyi, ga zafin nama, ga araha, yaro ɗan koyo ma zai kwance shi ya ɗaura.

Aibinsa a cikin wannan sauƙin yake. Akwai lokacin da kafar shiga da ta fita duk a buɗe suke, sabon haɗin na korar tsohon hayaƙi, wani ɓangarensa ya bi shi waje bai ga wuta ba. A ƙananan injuna abin da ke zurarewa haka yana iya kai kashi ɗaya cikin huɗu na man. Ka saya da kuɗinka, ka zuba, ya fita ta salansa ɗanye. Warin da ke kama riga ke nan. Na biyu, tunda akwatin kiranshaf hanyar haɗi ce, ba za a tara baƙin mai a ciki ba, dole a sirka shi da fetur ya ƙone tare. Yawancin ƙananan janaretoci 50 zuwa 1 suke so, wato mililita 20 na man 2T a kowace lita. A nan ake yawan ɓarna. Wani ya zuba da ido, ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe da gawayi. Wani ya rage don tsimi, fistin ya kama bango. Wani kuma ya zuba baƙin man mota, har da wanda aka juye daga wani inji, alhali ba a yi shi don ƙonewa ba. A ganina, ga wanda zai kunna awa ɗaya jefi-jefi, janaretar nan ta yi. Ga mai shago da ke kunnawa kullum, araharta ta ranar saye ce kawai. Kuma ko wace iri ce, mai taku biyu ko huɗu, don Allah kada a kwana da ita a ɗaki, ko soro a rufe, ko gindin taga. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya.

Kada a ɗauka taku biyu shi ne ɓarna. Injunan fistin da suka fi kowanne tattali a duniya masu taku biyu ne: na manyan jiragen ruwa masu dakon kwantena, irin waɗanda kayan Kantin Kwari da Singa ke biyowa kafin su iso Legas. Su dizal ne, iska zalla ake hurowa ta kori hayaƙi, sai an rufe ko'ina sannan a feso mai, don haka ba man da ke zurarewa, kuma baƙin mansu daban yake. Wärtsilä-Sulzer RTA96-C mai silinda 14, wanda aka sa wa jirgin Emma Maersk a 2006, faɗin kowace silinda santimita 96, fistin na tafiyar mita biyu da rabi, juyi 102 a minti, ƙarfi wajen kilowat 80,000. Irin waɗannan suna wuce kashi 50 cikin ɗari. Girman silinda na rage zafin da bango ke sata, jinkirin juyi na ba mai lokacin ƙonewa, doguwar tafiyar fistin na tatse iskar har ƙarshe.

Wannan tatsewar ita ce tunanin James Atkinson na Ingila tun shekarun 1880. Ya lura cewa a injin Otto, sanda bawul ɗin fita ke buɗewa, iskar na da sauran ƙarfi. Ƙarar da salansa ke dannewa ke nan. Sai ya ƙera inji mai sarƙaƙiyar hannuwa da takun ƙarfi ya fi takun matsi tsawo. Bai karɓu ba a lokacin. Yau ana samun sakamakon cikin sauƙi: a bar bawul ɗin shiga a buɗe har fistin ya ɗan fara hawa, wani ɓangaren haɗin ya koma baya, matsi na gaskiya ya fara a makare. Ta haka injin da aka gina da ninki 13 zai matse abin da fetur zai iya jurewa kawai, amma ya kumbura ninki 13 cur. Asarar ita ce silinda ba ta cika ba, ƙarfi ya ragu, musamman wurin tashi. Shi ya sa ya dace da motoci masu haɗin batir, inda motar lantarki ke cike giɓin. Toyota Prius ta fito da shi a 1997, kuma samfurinta na 2015 kamfanin ya ce injinsa ya kai kashi 40. A cunkoso irin namu ribar ta fi fitowa, don injin kan mutu in an tsaya. Ralph Miller na Amurka, a rajistarsa ta 1957, ya cike giɓin ta wata hanya: a yi wasa da lokacin rufe bawul ɗin, sannan a cuso iska da famfo daga waje, a sanyaya ta kafin ta shiga. Mazda ta sa shi a motar Millenia a shekarun 1990, yanzu kuma ya yawaita a manyan injunan dizal da na iskar gas.

Duk tsarin da aka bi, akwai zafin da inji ke so ya zauna a kai, wajen digiri 85 zuwa 95 na ruwansa. A nan ina da ja da wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu: mota na zuwa a cire mata tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya yi ɗumi, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Gaskiya ne Kano na haura digiri 40 a watan Afrilu. Amma tamostat mai lafiya in zafi ya kai buɗewa yake gaba ɗaya, ba ya tare komai. Motar da ke tafasa tana da dalili: lagireto ya toshe da tsatsar ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka. In aka cire tamostat an rufe ciwon ne kawai. Sannan da asuba a hunturu injin ya daɗe bai yi ɗumi ba, kwamfuta na ganin sanyi tana ƙara mai, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke santsin bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai.

Wajen zaɓe kuwa, awannin aiki ne ke yanke hukunci. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙananan janaretocin fetur dole su zauna a juyi 3,000 a minti, manyan na gas irin na masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa kuma an naɗa su yadda 1,500 ya isa. Rabin gudu, ƙarancin guga, tsawon rai. Mai shagon da ke buƙatar fanka da fitila da injin aski, mai taku huɗu na fetur daidai kayansa ya fi masa. Mai niƙa ko walda da ke yini yana aiki, gas ne nasa ko da ya fi tsadar saye. Sai dai a guji sayen wanda ya fi ƙarfin buƙata don burga. Injin gas da ke yini ɗauke da ɗan kaya, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, silindarsa ba ta yin zafin da ya kamata, mai ba ya ƙonewa tas, ringi ba ya zama daram, sai ka ga wani baƙin ruwa mai danƙo na tsiyaya daga bakin salansa. In an ga haka, a ɗora masa kaya masu nauyi ya yi wasu awanni yana ja, kafin a kai ga kiran bakanike ya buɗe shi.